Zariya da kan jirgin dizal: ina tsofaffin suka tafi?

1/ Jama'a ku matso, yau hirar layin dogo za mu yi. Ni ɗan Wusasa ne, kuma ina ganin matasanmu da yawa ba su san Zariya ta taɓa zama babbar mahaɗar jirgin ƙasa a Arewa ba.

2/ Gwamna Girouard ne ya sa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907. Ya ratsa ta Zariya, ya isa Kano a 1911. A gefen tashar nan ne Sabon Gari ya tashi, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika shi.

3/ Daga nan rassa suka fita. Akwai siririn layin Bauchi Light da ya haura Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Akwai na Funtuwa da Gusau, wanda ya kai Ƙauran Namoda a 1929 don kwaso auduga da gyaɗa.

4/ Duk waɗannan jiragen kwal ne. Kwal kuwa sai an ɗauko shi tun daga Inugu, ga injin da shan ruwa kamar raƙumi. Ka tuna yadda rani yake a nan, sai ka gane wahalar.

5/ Shi ya sa dizal ya dace da mu. A 1955, shekarar da aka kafa hukumar NRC, kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera wa Nijeriya kawunan jirgi na dizal guda 10. Ba a ɗura musu tulin ruwa, ba a kwana ana hura wuta. Da yaƙin basasa ya toshe hanyar kwal a 1967, jirgin hayaƙi ya ƙara ja baya.

6/ Sai fenti. Wanda ya taɓa tsayawa a mararrabar dogo ya san kore da ratsin ruwan ɗorawa na NRC. Daga nesa kake gane shi. A Amurka da Ingila, 'yan sa-kai kan ɗauko tsohon kan jirgi su gyara, su bi tsofaffin hotuna su mayar masa da ainihin launinsa, mutane su biya kuɗi su hau.

7/ Mu fa? Legas na da gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta. Gidan tarihin Jos ya adana kayan Bauchi Light. A wurare da yawa kuwa tarago yana ruɓewa a ciyawa, har 'yan gwangwan su yanke shi su auna a kilo. Wallahi abin da ciwo.

8/ Sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon kuwa 1,067. Ma'ana tsofaffin kawunan ba za su taɓa hawa kansa ba.

9/ Ga NITT a Zariya tun 1986, cibiyar koyar da harkar sufuri. Ni dai a ganina kai ɗaya ya isa: a wanke, a yi masa fentinsa na asali, a ajiye inda 'yan makaranta za su taɓa shi. In kakanku ya yi aikin reluwe, ku tambaye shi hotuna, ku saka mana a ƙasa.