Igiyar Bakin Legas da Bashin Yashi

Yawancinmu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na kogi, na tafki da na rijiya, kuma ko a tatsuniya teku wuri ne da ake ambata idan ana son a ce abu ya yi nisa. Duk da haka akwai wani ɗan yanki na teku, mashigar ruwan Legas, wanda halinsa ya taɓa aljihun kakanninmu kai tsaye: ya shiga cikin farashin goron da suke ci, ya kuma shiga cikin lissafin gyaɗar da suke nomawa. Tarihin wannan mashiga tarihi ne na igiyar ruwa da yashi, da na mutanen da suka yi ƙoƙarin sanin abin da teku za ta yi gobe.

Mu fara da yadda wurin yake. Legas, ko Ikko kamar yadda fatakenmu suke kiranta, tana zaune ne a bakin wani babban tafki wanda koguna irin su Ogun suke zuba ruwa a cikinsa. Duk wannan ruwa ƙofa guda yake da ita zuwa Tekun Atlantika. A daidai wannan ƙofa ruwan da ke fita yakan yi karo da igiyar da ke shigowa, sai ƙarfinsa ya ragu, yashin da ruwa ke ɗauke da shi ya kwanta. Da haka wani tudun yashi ya taru a ƙarƙashin ruwa, ya tare bakin ƙofar. Turawa suna kiran irin wannan tudu "bar", kuma daga nan sunan Bar Beach ya samo asali. Tudun ba ya zama wuri ɗaya. Hanyar da jirgi ya bi lafiya a wannan wata, a wata mai zuwa tana iya cikewa.

Ita kuwa igiyar da ke dukan wannan tudu ba 'yar gida ba ce. Igiya iri biyu ce. Akwai wadda iskar wuri take tayarwa, gajera, a hargitse, wadda takan kwanta da zarar iska ta lafa. Akwai kuma igiyar nesa, wadda guguwa take haifarwa can kudancin Atlantika, ta baro inda aka haife ta, ta yi tafiyar dubban kilomita, kusan mako guda a hanya, ba tare da wata ƙasa ta tare ta ba, har ta iso gaɓar Afirka ta Yamma. A tsakiyar teku ba ta da ban tsoro, jirgi kawai take ɗagawa ta sauke a hankali. Sai ta iso wuri marar zurfi, ƙasanta ya ji yashi, gudunta ya ragu, ta miƙe tsaye ta kife. Idan a lokacin ruwan tafki yana fita da ƙarfi, sai ya ƙara tokare ta, ta ƙara tsayi da tsini. Shi ya sa ana iya wayar gari babu iska ko kaɗan, sama garau, amma bakin mashigar ya zama fari fat da kumfa.

Lokaci ma yana da nasa tsari. Daminarmu ita ce lokacin sanyi a kudancin duniya, lokacin da guguwar can ta fi ƙarfi. Saboda haka daga wajajen Yuni zuwa Satumba igiyar nesa ta fi girma, kuma a daidai lokacin ne koguna suke cike, ruwan da ke fita ya fi ƙarfi. Da hunturu kuwa teku takan yi sauƙi. Iskar nan mai ƙura da ke fasa mana leɓe a Kano da Damagaram, idan ta kai gaɓa takan busa daga tudu zuwa teku, ta gyara fuskar igiya ta yi sumul.

Jiragen Turawa na ƙarnonin baya ba su iya kusantar irin wannan gaɓa. Sukan yi anka nesa, su jira. Waɗanda suke ɗaukar kaya da mutane su ratsa igiyar su ne masu kwalekwale na gaɓar, musamman Fante na ƙasar da ake kira Ghana yau da Kru na Laberiya. Iliminsu shi ne hasashen igiya na farko a wannan yanki. Sun san igiya tana zuwa ne rukuni-rukuni, manya 'yan kaɗan a jere, sannan a sami ɗan sarari. Shugaban kwalekwale yakan tsayar da matuƙa a bayan inda igiya ke fashewa, yana ƙirga, yana duban launin ruwa, sai ya ga sararin ya ba da umarni a tuƙa da ƙarfi. Kuskuren daƙiƙa kaɗan yana iya kifar da kwalekwale, kuma a bakin Legas akwai kifayen shak masu cin mutane.

Wannan sani tun ƙuruciya ake samunsa. Wani Bajamushe mai suna Michael Hemmersam, wanda ya zauna a gaɓar Ghana a shekarun 1640, ya rubuta yadda ya ga yara a cikin ruwa a kan alluna. A 1834 wani hafsan Birtaniya, James Alexander, ya ga yaran Accra suna kwanciya a kan ƙananan alluna suna jiran igiya ta kwaso su zuwa gaɓa. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara irin waɗannan shaidu a littafinsa Undercurrents of Power na 2018. Wasan hawan igiya da yau ake dangantawa da Hawayi da Kalifoniya yana da tsohon tushe nasa na kansa a gaɓar Afirka, kuma a wurin waɗannan yara makaranta ce ta sana'ar da za su ci abinci da ita.

Ta ina muka shigo cikin wannan labari? Ta goro. Shekaru aru-aru fatake suna bin hanyar ƙasa zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga, su yi watanni da jakuna kafin su dawo. A ƙarshen ƙarni na 19 al'amura suka sauya: Turawan Ingila sun karya ƙarfin Asante, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, kuma jiragen ruwa masu tururi suna zirga-zirga a gaɓa. Sai wani ɓangare mai yawa na cinikin ya koma teku. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda aka fi tunawa da su a wannan hanya, yana ɗora goro a jirgi daga Accra da Sekondi zuwa Legas. A Accra babu tashar da babban jirgi zai jingina, dole huhunan goro su hau kwalekwale su ratsa igiya. A Legas kuma tudun yashi yana jira. Goro ba ya son jinkiri, don haka ranar da igiya ta hana lodi ko sauke kaya, asara ce da ake ji har a kasuwar Kurmi.

Zurfin ruwa a kan tudun Legas a farkon ƙarni na 20 wajen ƙafa 10 ne, wanda bai ishi manyan jiragen teku ba. Dabarar da kamfanoni irin su Elder Dempster suka yi ita ce, babban jirgi ya wuce Legas ya tafi Forcados, ɗaya daga bakunan Kogin Kwara inda ake samun ruwa mai natsuwa, a sauke kaya cikin ƙananan jirage, su kuma su dawo da shi baya su tsallake tudun. Kowane buhu sai an ɗaga shi an sauke sau biyu, kuma wanda ya saya a ƙarshe shi ke biyan kuɗin wahalar.

Gwamnatin mulkin mallaka, wadda take shimfiɗa layin dogo zuwa Arewa, ta ga cewa jirgin ƙasa ba shi da amfani sosai idan ƙofar teku a toshe take. A wajajen 1908 aka fara gina ganuwar duwatsu masu miƙewa cikin teku, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, da ta uku mai daidaita gudun ruwa, ana kawo duwatsun ta jirgin ƙasa daga yankin Abeokuta. Hikimar ita ce a matse ruwan da ke fita ya ƙara gudu ya share yashi da kansa, a kuma hana sabon yashi shigowa, sannan jiragen yasa su ƙarasa aikin. Layin dogo ya isa Kano a 1911. A watan Fabrairun 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shiga cikin tashar Legas kai tsaye, kuma a shekarun 1920 aka gina tashar Apapa. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotunanta, ta wannan ƙofa buhunanta suka fita duniya.

Sai dai akwai abin da ganuwar ta taɓa wanda bai shiga lissafin riba ba. Igiyar nesa tana zuwa ne daga kudu maso yamma, tana dukan gaɓa a karkace, don haka kullum tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, kamar kogi mai gudu a gefen teku. Kowace gaɓa tana karɓar yashi daga maƙwabciyarta ta yamma, tana miƙa nata ga ta gabas. Ganuwar yamma ta datse wannan kogi. Yashi ya taru a bayanta, gaɓar Lighthouse ta yi ta faɗi. A gabas kuma, Bar Beach ta ci gaba da bayarwa ba ta karɓa. Masana sun auna teku tana cin mita 25 zuwa 30 na gaɓar a shekara. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatoci suke zuba yashi da kuɗi masu yawa, igiya tana kwashewa. Zuwa farkon shekarun 2000 ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello Way a Victoria Island, yana shiga gine-ginen da ke bakinsa.

Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic: sabon gari mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10 da aka cike da yashin da aka yaso daga ƙarƙashin teku, aka kewaye shi da katangar da aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5. An yi bikin ƙaddamar da shi a 2013. Katangar ta kare Victoria Island, kuma Bar Beach da mutanen Legas suka sani, wurin shan iska da addu'a da kasuwanci, ta ɓace a ƙarƙashinsa. Amma kogin yashi bai daina gudu gabas ba. Ƙauyukan gaɓar Lekki, irin su Okun Alfa, sun ga teku tana cin gidaje da bishiyoyin kwakwa, kuma mazaunansu da wasu masana suna ɗora wani ɓangare na laifin a kan sabon ginin, masu ginin kuma suna musantawa. A watan Agustan 2012 igiya ta afka wa gaɓar Kuramo, mutane suka rasa rayukansu, daga baya aka rushe matsugunan da suka rage.

A ɗaya gefen mashigar, ganuwar ta haifar da wani abu da injiniyoyinta ba su nufa ba. A lungun da duwatsun suka kare aka sami Tarkwa Bay, inda igiya take bugun ganuwa ta dawo ta haɗu da mai zuwa, ta yi tsini irin wanda masu hawan igiya suke nema. Fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown, wanda ya fito a 1966, ya biyo ta Dakar da Accra da Legas yana neman irin wannan. A shekarun baya-bayan nan yaran Tarkwa Bay sun ƙware a wasan har sunansu ya fita waje. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori dubban mazauna wurin, bisa hujjar cewa ana fasa bututun mai a yankin.

Yau sanin abin da igiya za ta yi ya zama abu mai sauƙi. Harald Sverdrup da Walter Munk ne suka tsara hanyar hasashen igiya ta kimiyya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin sojojin da za su sauka a gaɓa su san ranar da ta dace. A shekarun 1960 Munk da abokan aikinsa suka bi sawun igiya daga kudancin Tekun Pasifik har Alaska, suka tabbatar da irin nisan da take yi. Yanzu tauraron ɗan'adam da kwamfuta suna ganin guguwar tun tana can kudu, kuma mai wayar hannu yana iya duba tsayin igiyar da za ta iso Legas, da tazarar daƙiƙun da ke tsakaninta, da inda iska za ta fito, kwanaki kafin ta zo. Abin da shugaban kwalekwale yake karantawa da ido cikin minti biyu, yanzu ana karanta shi mako guda gaba.

Hasashen yashi ma ba boyayye ba ne. An san inda yake fitowa, an san inda yake tafiya, an kuma ga abin da ya faru da Bar Beach shekara ɗari. A Lekki an buɗe sabuwar tasha mai zurfi a 2023, da tata ganuwar, kuma ana ci gaba da yasar yashi don gine-gine. Kayan da muke saya a Kantin Kwari da Sabon Gari, da riɗi da citta da muke fitarwa, mafi yawansu ta waɗannan ƙofofi suke bi. Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci amfanin buɗe bakin Legas tun zamanin gyaɗa, don haka idan ana maganar wanda za a kare da wanda za a biya diyya a ƙauyukan da ke gabas da kowace sabuwar ganuwa, muna da haƙƙin sa baki, kuma wakilanmu a majalisa suna da ƙuri'a a kan kasafin da ake gina su da shi.