Fatarmu ta Tafi Arewa, Katako ya Zo Mana Daga Kudu

A wannan shekara ta bikin cikar ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi kayan da da yawa daga cikinmu ke ci da su: katako da fatar da ake haɗa kujeru da gadaje. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma ƙaddararsu ma ta bambanta.

Fata ce babba a tarihi. Tun kafin a shata iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ayarin raƙuma na ɗaukar jemammiyar fata daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus. Bature Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ga girman wannan ciniki da idonsa. Wadda aka fi nema ita ce fatar jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato a wannan gefe, ta Maraɗi a wancan, alhali akuya ɗaya ce. Majema kan jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take shiga Turai, sai can aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Da ita suke bangon littattafai masu tsada, su shimfiɗa ta a fuskar teburin rubutu. A gida kuwa dukawa na ɗinka tumtum da matasai da ita. Fatar akuya ba ta da faɗin da zai rufe doguwar kujera. Wannan aikin fatar saniya ne, mai kauri. Yau masu ganda sun riga majema zuwa mahauta, shi ya sa mafi yawan kushin ɗin da ke kasuwanninmu roba ce aka yi wa kamannin fata.

Katako kuwa baƙo ne. Kakanninmu masassaƙa suka sani, ba kafintoci ba. Gungume ɗaya ake fafewa a fitar da kujerar tsugunno ko turmi, kuma ƙirya ce gwanar wannan aiki saboda taurinta. Gado na kara ne, rufin soro na azarar giginya. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka samu hanyar jigilar fasasshen katako daga kurmi, musamman da masana'antar katako ta Safele ta bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu. Daga nan loko, wanda gara ba ta cika cin sa ba, ya zama na ƙofa da tebur, farin obeche mai laushi ya zama ƙashin cikin kujera da ba a gani. Jirgin da ya kawo katakon shi ya juya akalar fata daga Sahara zuwa Ikko. Daga Kano motoci suka ci gaba da katakon zuwa Maraɗi da Damagaram, kamar yadda wasunmu ke yi har gobe.

Dajinmu ma yana da nasa manyan itatuwa: maɗaci mai jan katako, da kawo, da maɗobiya. Labarin maɗobiya shi ne wanda ya kamata kowane memba ya riƙe. Makiyaya sun daɗe suna sassabo ganyenta su ba shanu da rani. Da masu kujerun alfarma na ƙasar Sin suka buƙace ta, cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Taraba aski, inda masu lodi ke kiran ta “madrid”. Itacen da ke ɗaukar shekaru da dama kafin ya isa sara, tirela ke kwashe shi a yini guda. A 2016 yarjejeniyar CITES ta sanya maɗobiya cikin itatuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. A taron Panama na 2022 maɗaci da kawo suka bi sahu.

Akuya tana haihuwa kowace shekara, bagaruwa na zubar da 'ya'ya kowace kaka, shi ya sa cinikin fata ya kai ɗaruruwan shekaru bai ƙare ba. Maɗobiya ba ta samu wannan sa'a ba. Wanda zai yi lodin ɗaya daga cikin itatuwan nan uku zuwa wata ƙasa, ya tabbata takardarsa na hannu kafin motar ta tashi. Kafintocin da muke kai wa kaya kuwa tuni da yawansu suka koma malaina, wadda ake shukawa a gandu a sare a sake dasawa.