Faifan Black Panther: Hoto, Sauti Da Gyaran Da Waya Ba Ta Ba Mu

Yau zancen faifai za mu yi. Na san wani zai ce, faifai kuma a wannan zamani na data? To ku ɗan ara mini kunnuwanku.

Karon farko da na kalli Black Panther a 2018, a waya na kalla. Wajen masu turin finafinai aka tura mini. Da aka zo fitowar dajin Sambisa, inda T'Challa ya dira kan motocin 'yan bindiga da daddare don ya ɗauko Nakia, ban ga komai ba sai duhu da ƙarar harbi. Na ɗauka haka aka yi fim ɗin. Sai bayan shekaru na sake kallonsa a faifan 4K a gidan yayan wani abokina. Ashe akwai ganyen bishiyoyi, ashe fuskokin matan da ke cikin motar suna fitowa sarai. Ranar na gane rabin fim na kalla a baya.

Bari mu ɗan koma tarihi. A zamanin kaset ɗin bidiyo, fim kawai ake ba ka. A 1984 kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da tsohon fim ɗin King Kong a babban faifan LaserDisc, ya ɗora muryar wani masanin tarihin fim, Ronald Haver, yana sharhi fim na tafiya. Nan aka faro abin da ni nake kira gyara, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu. DVD ya fito a Japan a 1996, ya shiga Amurka a 1997. Blu-ray ya zo a 2006, ya yi kokawa da HD DVD har Toshiba ta janye a Fabrairun 2008. Faifan 4K kuma ya shigo kasuwa a 2016. Hoton DVD layi 480 ne ko 576, na Blu-ray 1080, na 4K 2160. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, na 4K kuwa har 100. Yanzu ku kwatanta da ɗan abin da ake matsewa a tura mana a waya.

Ranar 15 ga Mayun 2018 Black Panther ya fito a faifai. Batun hotonsa yana da tushe mai nisa. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Ma'ana farar fata ce ma'auni, baƙin mutum kuwa sai ya fito kamar inuwa. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako yana cikin abin da ya sa aka gyara launin ruwan ƙasa. Kun ji fa, cakulan ya riga mu samun kulawa. Don haka aikin Rachel Morrison, wadda ta ɗauki hoton Black Panther, ba ƙarami ba ne: haska baƙar fata iri-iri, dare da rana, kowacce da kalarta. Fasahar HDR da ke faifan 4K tana faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske, shi ya sa wahalarta take fitowa a can. Idan aka matse fim kuwa, wuraren duhu ne suke fara lalacewa, kuma a nan fuskokinmu suke.

Sai sauti. Ludwig Göransson, ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara kiɗan, sai da ya je Senegal ya bi mawaƙi Baaba Maal yawo. Muryar Baaba Maal ce kuke ji da Fulatanci lokacin da jirgi ke shiga Wakanda. Gangar tama, 'yar uwar kalangunmu, ita ke kiran sunan T'Challa, kuma Massamba Diop ne ya kaɗa ta. Faifan 4K yana ɗauke da tsarin Dolby Atmos mai rarraba sauti ta ko'ina har saman kai, Blu-ray kuma yana da hanyoyin sauti 7.1. Gaskiya dai masu bitar faifai sun koka cewa sautin ya yi ƙasa, sai ka ƙara murya kafin ya yi nauyi. Duk da haka, lasifikar waya ba ta kai ƙafarsa ba.

Gyarar ce ta fi tsaya mini a rai. Akwai sharhin darakta Ryan Coogler tare da Hannah Beachler, wadda ta zana Wakanda bayan ta haɗa kundi mai shafi kusan 500 kan tarihi da gine-ginen ƙasar da babu ita a taswira. A 2019 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a wannan fanni. Akwai fitowa 4 da aka yanke, ciki har da wadda Okoye da mijinta W'Kabi suke gardama bayan Killmonger ya hau mulki: wa za a bi, karaga ko gaskiya? Akwai zaman tattaunawa da marubutan da suka raini labarin a littattafan zane, irin su Don McGregor, Christopher Priest da Ta-Nehisi Coates. Akwai kuma 'yan kura-kuran wajen ɗauka, 'yan wasa suna ta dariya. Chadwick Boseman ya rasu ranar 28 ga Agustan 2020, yana da shekara 43. Tun daga nan kallon waɗannan 'yan mintuna ya zama wani abu daban.

To ina matsalar? Faifai yana janyewa. A Mayun 2023 Disney ta cire gomman finafinai da shirye-shirye daga manhajarta. A Satumbar wannan shekara Netflix ta rufe sashenta na aika DVD ta gidan waya, sannan a farkon 2024 kantunan Best Buy na Amurka suka daina sayar da faifan fim. Abin da kake kalla a manhaja aro ne, mai shi yana iya karɓe kayansa ko da tsakar dare. Wanda ke kan kantarka kuwa naka ne, da sharhinsa da komai.

Wannan ya sa na tuna da namu. A kaset Kannywood ta tashi, tun daga Turmin Danya a 1990, ta bi ta CD, yau ta koma YouTube. Wa ya zaunar da daraktocin farko ya naɗi bayaninsu kan yadda suka yi aiki? Ina fitowar da aka yanke? Mutanen can sun adana har dariyar jaruminsu, mu kuwa sau da yawa fim ɗin kansa sai an sha wahalar nema.

Ba cewa nake kowa ya sayi na'urar 4K ba, na san halin da aljihu yake ciki, ga kuma batun wuta. Roƙona ɗaya ne: in akwai tsofaffin kaset ko faifai a ɗakin Hajiya ko a shagon Kawu, kada a zubar. A goge ƙura, a rubuta suna da shekara, a kwafa a ajiye. Ku faɗa mana wane tsohon faifai ne har yanzu yake gidanku.