Ƙaurar Rubutun Hausa Da Abin Da Ya Fashe A Hanya

Jama'a, duk wanda ya taɓa ƙaura ya san ba a rasa tukunyar da za ta fashe a hanya. To, rubutun Hausa ya yi ƙaura sau biyu, kowane karo kuwa sai da aka yi hasara.

Gidansa na fari shi ne ajami. Malamanmu suka ari baƙaƙen Larabci, suka bambanta ƙaf da kaf lasan, suka ba ɗa mai hannu aikinsa. Ajami yana nuna jan wasali, saboda haka garin da ake zama a ciki dabam yake da garin tuwo. Amma rufu'a ɗaya ce take ɗaukar o da u.

A 1909 Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idodin rubuta Hausa da boko. Boko ya raba o da u, amma ya yar da jan wasali. Babbar wahala kuwa ita ce baƙaƙen Turawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Waɗansu suka riƙa ɗiga ɗigo a ƙarƙashi, waɗansu suna sa alama a gefe, har cikin shekarun 1930 Ofishin Talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ya tsaya a kan masu ƙugiya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ta yaɗa su.

Duk da haka tafiretar Ingila ba ta san su ba, sai akawu ya bi da alƙalami yana lanƙwasawa. A ce an aika takarda daga ofishin Maradi a Kurfi zuwa ga Yandaka a Dutsin-Ma, an buga "ya bata kudin". Shin ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata su? Ƙugiya ɗaya tana iya wanke mutum ko ta kai shi gaban alƙali.

Ƙaura ta biyu ita ce shiga kwamfuta. Tsarin ASCII na Amurka, na 1963, gurabe 128 ne gare shi, babu na ƙugiya ko ɗaya. Sai a 1991 tsarin Unicode ya ba su wuri. Ko da hakan, na'urar da ba ta da siffar baƙin sai ta nuna ɗan akwati a madadinsa. Masu rubuta wa kwamfuta umarni su ma sun san wannan ciwo: umarnin da aka juya don wani inji yakan yi tafiya daidai, sa'an nan ya cije inda ya dogara da abin da tsohon injin kaɗai yake da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka juya rubutu daga wani gida zuwa wani, kada ka sa hannu sai ka karanta shi a sabon gidan. Allah ya sa mu dace.