Furannin Faransa da Shanun Birnin Kudu

Tun ƙarni na 17 masana zane a Faris suka jera sana'arsu hawa-hawa. Zanen tarihi da na addini ne a sama, sai hoton mutum, sai dabbobi da shimfiɗar ƙasa. Furen da aka tsinko aka sa a tulu shi ne a can ƙasa, aikin da ake ganin bai buƙatar zurfin tunani.

Kasuwa ce ta fara ɗaga darajarsa a ƙarni na 19. Masaƙun siliki na birnin Lyon suna neman masu fitar musu da adon yadi, don haka makarantar zane ta birnin ta ware aji na furanni, aka naɗa Antoine Berjon malaminsa a 1810. Henri Fantin-Latour ya rayu da kuɗin furannin da Turawan Ingila ke saye a hannunsa. Édouard Manet kuwa, da ciwo ya ci ƙarfinsa, furanni ya duƙufa zanawa har rasuwarsa a 1883.

Amfanin da ba a hango ba shi ne adana tarihi. Pierre-Joseph Redouté ya wallafa zane-zanensa na furen wardi tsakanin 1817 da 1824. A yau masana tsirrai na komawa gare su don gane ire-iren da suka ɓace daga lambuna.

Haka lamarin yake a kudancin Jigawa. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zane da Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Masu zanen ba su zana sarki ko yaƙi ba, dabbobin gida suka zana, musamman shanu. Cikinsu akwai masu dogayen ƙahoni marasa tozo, alhali garken da ke kiwo yau tsakanin Birnin Kudu da Gwaram masu tozo ne. Ke nan dutsen ya riƙe shaidar wani irin shanu da ya riga na yanzu zama a yankin.

Littattafan Redouté suna ajiye a ɗakunan karatu da dama, an kuma sake buga su sau da yawa. Shanun Birnin Kudu, ko da yake suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kwafi ɗaya ne tak, a jikin dutse.