Tirmini: bindiga daban, iya harbi daban

Kalmar harbi ta girmi bindiga a bakinmu. Da baka da kibiya aka fara harbi, bindiga ta zo ta tarar da kalmar. Su kuwa sunayen kayanta baƙi ne daga Larabci: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga barud, harsashi daga rasas, wato darma. Sunayen sun nuna hanyar da kayan suka biyo, ta hamada daga Tarabulus.

Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga saye ba. A zamaninsa an haɗa albarushi a Zinder, an ƙera igwa, an tara rundunar ƴan bindiga har Kano ta ji tsoro. Amma a ƙarshen watan Yuli 1899, a Tirmini, yamma da birni, mayaƙan Amadu Kuran Daga suka karye a gaban ƴan tsirarun sojan Faransa da wani hafsa mai suna Pallier ya jagoranta. In an tambaye mu dalili, sai mu ce makamansu sun fi namu. Gaskiya ne, amma rabinta ne.

Bindigar ɗuri cikinta sumul yake, harsashi na fita yana kaɗawa, in abu ya wuce taki ɗari sai sa'a. Ta Faransa, irin Gras ta 1874, ana cika ta daga baya, cikinta da tsage-tsage masu murɗa harsashi ya tafi miƙe har mita ɗaruruwa. To amma bindiga ba ta auna kanta. Sojan nan, waɗanda yawancinsu baƙaƙe ne irinmu, an koya musu daidaita ido da bakin bindiga, da ƙiyasta nisa, da sakin wuta tare bisa umarni. Ɗan bindigar ɗuri kuwa, ƙara da hayaƙi da firgita dawaki su ne rabin aikinsa.

Abin da ya sa na ce makami kaɗai ba ya isa ya faru a wannan shekara ta 1899, can Afirka ta Kudu. Sojan Ingila sun je da bindigogi na zamani, manoman Bowa suka riƙa zubar da su daga nesa. Bowa sun girma da farauta a fili: sun san nisa da ido, sun san iska, sun iya kwanciya bayan dutse su jira. Baturen Ingila ya saba da allon da ba ya motsi, a tazarar da aka gaya masa. Bayan yaƙin ya ƙare a 1902, Ingila ta sake tsarin horo, ta ƙara harbin abin da ke ɓullowa ya ɓace da harbin sauri. Kafin 1914 ana son soja ya saki harsashi 15 a minti ɗaya, kowane da auna.

Ke nan allo yana koyar da riƙo da numfashi da jan kunama a hankali. Daji yana koyar da nisa da haƙuri. Duk maharbin ƙauye ya san na biyun tun yana riƙe da baka. In muka ce ƙarfe ne kawai ya ci mu a Tirmini, mun huta da tambaya mai zafi: me ya sa aka tara kaya, ba a tara koyo daidai da su ba?