Ƙofar Kalsiyam da Batun Koyo a Halitta Mai Ƙwaya Ɗaya

Akwai maganar da ta zauna daram a ajujuwan nazarin halittu, wai tun da aka gano kalsiyam ne ke sa Paramecium ja da baya, babu sauran batun hali ko koyo a halittu masu ƙwaya ɗaya. A cewar masu wannan ra'ayi, makunni ne kawai: a taɓa ya kama, a saki ya mutu. Ra'ayin jika ne ga na Jacques Loeb, wanda ya ɗauki motsin ƙananan dabbobi a matsayin motsin dole, haske ko sinadari ya ja, jiki ya bi. A ganina an yi kuskure, kuma abin da ya fi damuna shi ne binciken kalsiyam ɗin da ake jingina da shi bai faɗi haka ba, in dai an karanta shi har ƙarshe.

Tushen maganar sananne ne. Paramecium na iyo da dubban 'yan gasu da suka rufe jikinsa. In ya yi karo da abu sai ya ja baya, ya juya, ya sake hanya (Jennings, 1906). Taɓa shi ta gaba na buɗe wa kalsiyam hanya har gasun su juya bugunsu, taɓa shi ta baya kuwa fotashiyam ke fita, sai ya ƙara gudu (Naitoh da Eckert, 1969). Irin Paramecium ɗin da Ching Kung ya ware a 1971, wanda ya raɗa wa sunan ƙaramin sojan wasan ces da ba ya komawa baya, ya rasa wannan shigar kalsiyam, don haka ba ya iya ja da baya ko kaɗan. Duk wannan na yarda da shi.

Inda muka rabu shi ne kalmar makunni. Makunni ba shi da jiya. Yadda ya amsa taɓi na farko haka zai amsa na ɗari. Ƙofar kalsiyam ba haka take ba. A 1978 Paul Brehm da Roger Eckert suka nuna, a jikin Paramecium ɗin nan, cewa kalsiyam ɗin da ya shigo shi ne ke rufe ƙofar da ya bi. Da suka sa bariyam a madadinsa, ko suka zuba wa ƙwayar sinadarin da ke kame kalsiyam tun kafin ya taru, rufewar ta ragu. Ma'anar wannan ita ce girman amsa ta biyu ya dogara da abin da ya shigo a ta farko. Daga baya aka tarar da irin wannan tsari a jijiyoyi da tsokar zuciyar manyan dabbobi, kuma ban ji wani masanin jijiya ya kira shi ƙaramin abu a can ba.

Mai bin Loeb zai amsa, kuma amsarsa na da nauyi. Zai ce wannan rufewa ta ɗan ƙiftawar ido ce, ƙwayar ta farfaɗo kafin ka ɗaga kai daga madubi. Kiran hakan tunawa wasa ne da harshe. In kuma amsar ta ci gaba da raguwa na tsawon lokaci, gajiya ce kawai, irin ta hannun da ya wuni yana daka. Rabin farko na amince da shi. Sakamakon 1978 shi kaɗai ba ya tabbatar da koyo. Iyakarsa ya nuna cewa kayan aikin suna iya riƙe alamar abin da ya wuce.

Rabi na biyu, batun gajiya, shi ne aikin David Wood ya amsa, a kan Stentor coeruleus, wata ƙwaya mai siffar kakaki da tsawonta kan kai milimita ɗaya. In aka ƙwanƙwasa mazubinta sai ta dunƙule. In aka yi ta maimaitawa sai ta daina. Da gajiya ce, da ba za ta iya dunƙulewa ba ko me aka yi mata. Amma ƙwayar da ta daina kula ƙwanƙwasa, in aka ba ta ɗan lantarki, dunƙulewa take yi kamar da. Ƙarfin na nan, abin da ya sauya shi ne mashigar da ke karɓar taɓi, kuma a 1988 Wood ya danganta sabon da sauyin da ke samun ƙofofin taɓin kansu. Sabo da abu guda tare da ci gaba da amsa wani, wannan ne ma'aunin da ake amfani da shi a kan dodon koɗin teku Aplysia don raba sabo da gajiya. Ban ga dalilin da zai sa a sauya ma'auni don dabbar ba ta da jijiya ba.

Sai mai bin Loeb ya sake ɗauko wata hujja. A 2023 ɗakin binciken Wallace Marshall a San Faransisko ya bi ƙwayoyin Stentor ɗaya bayan ɗaya, ya tarar cewa kowace ƙwaya ba a hankali take sabawa ba. Tana amsawa, sai kwatsam ta daina. Gangarowar da ake gani a hankali ta taron ce. To, in ji shi, ga makunninka nan. Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Sai dai lokacin da ƙwayar ke tsallakawa daga wannan hali zuwa wancan ya dogara da ƙarfi da yawan ƙwanƙwasar da ta sha. In makunni ne, to makunni ne da tarihinsa ke kunna shi, kuma wannan ya riga ya fita daga abin da Loeb yake nufi da motsin dole.

Tarihin Stentor roeseli ya nuna yadda ra'ayin makunni ya daɗe yana cin nasara da hujja mara ƙarfi. Jennings ya ba da rahoton cewa in aka yi ta fesa mata garin jan rini, tana fara sunkuyawa gefe, sannan ta juya bugun gasunta, sannan ta dunƙule, a ƙarshe ta saki madafarta ta tafi. A 1967 Reynierse da Walsh suka kasa maimaita hakan, aka yi shekaru ana kafa hujja da su, alhali da S. coeruleus suka yi aiki, wani jinsi daban. Sai a 2019 Dexter da Prabakaran da Gunawardena suka koma ga jinsin da Jennings ya yi amfani da shi, suka fesa masa ƙananan duwatsun roba, jerin ya bayyana a ƙididdiga, ko da yake ba kowace ƙwaya ce ta bi shi daki-daki ba.

A nan ya wajaba in taƙaita da'awata. Aikin 2019 lura ne da hali, ba a auna kalsiyam a cikinsa ba. Juyar da gasu da dunƙulewa duk an san kalsiyam na da hannu a cikinsu a wannan dangi, saboda haka ina zaton yana da hannu a jerin, amma zato ne. Haka nan ba na kare koyo irin na haɗa abu da abu. Beatrice Gelber ta ruwaito a 1952 cewa Paramecium ya koyi taruwa a kan wayar da aka saba shafa wa abinci. Donald Jensen ya ce ragowar bakteriya ce a wurin ke tara su. Gershman da abokan aikinsa sun nemi a sake duba aikinta a 2021, kuma sun kyauta, amma sake dubawa ba tabbatarwa ba ce.

Abin da na tsaya a kansa shi ne sabo: ƙwaya ɗaya na sauya amsarta ga taɓi bisa abin da ta sha a baya, kuma sauyin yana zaune a ƙofofin fatarta. Gwajin da zai iya kayar da zatona a kan S. roeseli a fili yake. A sa mata sinadarin da ke haske in ya haɗu da kalsiyam, a fesa mata duwatsun sau da yawa, a ga ko hasken fesa na biyar ya bambanta da na farko kafin ta saki madafarta.